Wa Ya Ƙara wa Landry Maki?

A ƙarshen kakar 2017 ta ƙwallon Amurka, wato gasar NFL, 'yan wasa biyu sun tashi da ci tara-tara: Marvin Jones na ƙungiyar Detroit Lions da Jarvis Landry na Miami Dolphins. Aikinsu iri ɗaya ne, su ruga cikin fili, a jefo musu ƙwallo su cafke, su ƙara gaba da ita. Jones ya ci yadi 1,101, Landry ya tsaya a 987. Kowa ka miƙa wa waɗannan alƙaluma zai ce Jones ne a gaba, ko da ratar ba ta taka kara ta karya ba.

Haka kuwa wani allon maki yake nunawa: Jones 164.1, Landry 152.7. Amma ga wani allon, na kakar nan dai, na wasannin nan dai, yana cewa Landry 264.7, Jones 225.1. A na farko Jones ne ya ba da ratar maki 11.4, a na biyu kuma shi aka bari a baya da 39.6. Ba a sake buga wani wasa ba, ba a soke cin kowa ba. To daga ina wannan maki ya fito?

Allunan biyu na wasan fantasi ne. Samarin da ke buga na gasar Firimiya a wayoyinsu, daga Kano har Damagaram, sun san yadda abin yake: ka zaɓi 'yan wasa na gaske, abin da suka aikata a fili ya zama makinka. Sai dai a na Amurka yawanci ba a sayen 'yan wasa da kasafin kuɗi kowa ya ɗauki wanda ransa ke so. Mutum goma ko goma sha biyu ne suke haɗa rukuni, kafin a fara kaka su zauna su raba 'yan wasan bi da bi, wanda ka ɗauka kuma ya zama naka kai kaɗai. Ranar wannan rabo ita ce sallarsu. A ranar ake ginin kaka, a ranar kuma ake rusa ta.

Ga wanda bai taɓa kallon wasan ba, abin da ake bukata kaɗan ne. Tsawon filin yadi 100 ne. Ƙungiyar da ke riƙe da ƙwallo tana da dama huɗu ta ci yadi goma, in ta ci a sake ba ta wasu huɗun. Ƙwallon na tafiya gaba ta hanya biyu: ko mai jifa ya wurga ta ga mai cafka, ko ya danƙa ta a hannun mai gudu ya kutsa cikin jibga-jibgan masu tsaro. Wanda ya ƙetare layin ƙarshe da ita ya ci, maki shida ke nan. Shi ke nan, mu koma kan ɓataccen lissafinmu. Na tsaya ne kan aikin cafka kawai na mutanen biyu, na ajiye 'yan ƙananan tara da sauran tarkace a gefe.

Wanda za a fara zargi shi ne ci. A yawancin rukunai ci ɗaya maki shida ne, amma babu abin da ya hana wasu su mai da shi huɗu ko goma. Sai dai zargin ba ya zuwa ko'ina, domin tara-tara suka ci. Ko nawa aka biya, daidai za a biya su. Ci na iya ɗaga jimlar kowannensu, ba ya iya sa ɗaya ya wuce ɗaya.

Sai yadi. Ƙa'idar da aka saba da ita ita ce maki ɗaya kan kowane yadi goma. Idan aka lissafa haka, Jones na da 110.1, a ƙara 54 na ci tara, 164.1 cif. Landry na da 98.7, a ƙara 54, 152.7. Allon farko ya warware ke nan, ba ya ɓoye komai. Amma yadi ba zai iya bayyana allo na biyu ba, tunda Jones ya fi Landry da yadi 114. A tsada ko a araha, wanda ya fi yadi shi zai fi maki. In ma an ƙara wa yadi daraja, ratar Jones ce za ta ƙaru.

Akwai rukunan da ke ba da tukwici ga dogon ci ko doguwar cafka. Wannan ma ba ya kusa da Landry. Jones mutumin dogon jifa ne. Kowace cafkarsa a kakar nan ta kai matsakaicin yadi 18, ga shi da mai jifa mai ƙarfin dantse, Matthew Stafford. Landry kuwa 8.8, ko rabin na Jones bai kai ba. Da tukwicin nisa ne, da Jones zai ƙara tserewa. Tara kuma, irin wadda ake ci idan ƙwallo ta suɓuce wa ɗan wasa abokan hamayya suka ɗauke, maki biyu-biyu ce. Kafin ta cinye maki 51 da suka sauya hannu tsakanin allunan nan, sai mutum ya zubar da ƙwallo fiye da sau ashirin da biyar, kuma ba mai horarwar da zai bar shi a fili har ya kai haka.

Tunda gwada mutum da mutum bai kai mu ko'ina ba, sai a gwada kowane mutum da kansa. Landry na allo na biyu, a debe Landry na allo na farko: 264.7 ban da 152.7, saura 112 daidai, ba ko ɗigo. Jones da Jones: 225.1 ban da 164.1, saura 61, shi ma ba ɗigo. Rashin ɗigon nan shi ne sawun ɓarawon. Yadi ne ke kawo ɗigo. Abin da ya zo a dunƙule haka, abu ne da ake ƙirgawa ɗaya bayan ɗaya. A koma takardar alƙaluman kakar, a nemi inda 112 da 61 suke zaune. Suna nan a ginshiƙin da muka tsallake tun farko: yawan cafka. Landry ya cafke ƙwallo sau 112, fiye da kowa a NFL a shekarar. Jones sau 61.

Allo na biyu yana biyan maki ɗaya kan kowace cafka, tsarin da suke taƙaita sunansa da PPR. Allo na farko ba ya biyan ko sisi. Layi ɗaya ne tak a cikin dokokin rukuni, kuma a nan ne babban bambancin fantasin Amurka da na Firimiya yake: a na Amurka kowane rukuni shi ke rubuta dokarsa. Shugaban rukunin, wanda suke kira kwamishina, yana iya taɓa wannan layin da yatsa ɗaya kafin a fara kaka, ya sauya darajar ɗaruruwan 'yan wasa ba tare da ya tashi daga kujera ba.

Kuma ba sai an kai maki guda ba. Raba ratar Jones ta 11.4 da rarar cafka 51 ta Landry, za ka samu abin da bai kai rubu'in maki ba. Da zarar cafka ta kai wannan farashin, Landry ya haye. A tsarin rabin maki, wanda dandalin Yahoo ya ɗauka a matsayin na gama-gari yayin da ESPN ya ɗauki cikakken maki, Landry na da 208.7, Jones 194.6.

Yana da kyau a ga yadda irin wannan maki ke shigowa a fili. Ƙungiya na kan dama ta uku, saura yadi goma sha biyu, masu tsaro sun taso wa mai jifa haiƙan. Ba lokacin duba nesa. Sai ya cilla ƙwallon gefe ga mutumin da ke tsaye kusa da shi, wannan ya cafke, kafin ya juya an rungume shi an kayar a inda yake. Ba a ci ko taku ɗaya ba, 'yan kallo na tsaki, ƙungiyar za ta sallama ƙwallo. Amma a wayar wani mutum da ke zaune a falonsa, maki ɗaya ya shiga. A wani filin kuma mai gudu ya ɓarke tsakanin ƙarti, ya ja biyu a bayansa, ya ci yadi goma da gumin goshinsa. Shi ma maki ɗaya. Landry ɗan wasa ne na ƙwarai, mai hannu kamar danƙo, amma yanayin Miami na shekarar ya ƙara tura masa irin wannan gajeren jifa: mai jifansu Ryan Tannehill ya ji rauni a gwiwa tun kafin a fara kaka, aka ɗauko Jay Cutler da ya riga ya yi ritaya. A cikin Detroit ɗin ma akwai mai irin aikin Landry, wato Golden Tate, da cafka 92, yadi 1,003 da ci biyar. A allon da ba ya biyan cafka Jones ya fi shi da maki kusan 34. A wanda ke biya, ratar ba ta kai uku ba.

An kama mai laifi, amma tambaya ta biyu ta fi ta farko daɗi: me ya kai mutane masu hankali ga biyan cafkar da ba ta tsinana komai ba?

Wasan fantasin ya samo asali ne a 1962, lokacin da Bill Winkenbach, ɗaya daga masu hannun jari a ƙungiyar Oakland Raiders, ya zauna da abokansa biyu a wani otal a New York suka tsara dokokinsa. An yi rabon farko a Oakland a 1963, mutum takwas, kuma George Blanda aka fara ɗauka. Shekaru da dama bayan nan, kwamishina da biro da jaridar safiya yake haɗa maki, don haka abin da ke da sauƙin ƙirgawa, wato ci, shi ya fi rinjaye. Da intanet ta karɓi lissafin a ƙarshen shekarun 1990, ƙirga yadi ya zama ba wahala. Nan kuma sai wata matsala ta fito fili. Mai gudu na ƙwarai yana taɓa ƙwallo sau ashirin ko fiye a wasa ɗaya, shi ake danƙa wa kuma in an zo bakin layi. Mai cafka kuwa in ya samu bakwai ya gode Allah. Priest Holmes ya ci 27 a 2003, Shaun Alexander 28 a 2005, LaDainian Tomlinson 31 a 2006. Wanda ƙuri'a ta ba zaɓin farko ya ɗauki irin waɗannan, sauran su yi ta bin ƙura. Zagayen farko na rabo ya zama layin masu gudu zalla. Biyan cafka magani ne da aka kawo don a ɗaga masu cafka su yi kafaɗa da su.

Maganin ya yi aiki, sai dai ya zo da nasa ciwon. Ai mai gudu ma yana da hannu. Tomlinson ɗin nan ya cafke 100 a 2003. A 2019 Michael Thomas na New Orleans Saints ya kafa tarihin cafka 149 a kaka ɗaya, da yadi 1,725 da ci tara, wato maki 375.5 a cikakken tsarin. Shekarar nan dai mai gudu Christian McCaffrey na Carolina Panthers ya ci yadi 1,387 da ƙafa, ya cafke 116 ya ƙara yadi 1,005, ya ci 19. Maki 469.2. Dokar da aka kafa don a rage wa masu gudu ƙarfi ita ta haifi mai gudun da ya ba gwarzon masu cafka ratar sama da 90.

Abin da dokar ta yi a zahiri shi ne raba masu gudu gida biyu, kuma kakar 2020 ta nuna haka ƙarara. Derrick Henry na Tennessee Titans ya ci yadi 2,027 da ƙafa, abin da 'yan wasa ƙalilan suka taɓa yi a tarihin gasar, ya ci 17, amma cafkarsa 19 ce kawai, ta yadi 114. Alvin Kamara na Saints ko yadi dubu bai kai ba da ƙafa, 932 ne, sai dai ya cafke 83 ya samu yadi 756, ya ci 21 gaba ɗaya. Shida daga ciki a rana ɗaya ya zura su, ranar Kirsimeti, a karawa da Minnesota Vikings, a makon da yawancin rukunai ke buga wasansu na ƙarshe. Wanda ya haɗu da mai Kamara a makon nan sai dai a ba shi haƙuri. Kafin a cire tara, in ba a biyan cafka, Henry na da 316.1, Kamara 294.8. A rabin maki, Kamara 336.3, Henry 325.6. A cikakken maki, Kamara 377.8, Henry 335.1.

Yanzu a sa wannan a teburin rabo. Zaɓen yana tafiya ne a karkace: zagayen farko daga na 1 zuwa na 12, na biyu daga na 12 a dawo na 1. Wanda ya fara ɗauka ba zai sake miƙa hannu ba sai a zaɓi na 24, bayan an kwashe 'yan wasa 22 a gaban idonsa. Irin wannan mutum in ya shigo da jerin sunayen da ya kwafo daga mujalla, bai duba da wane tsarin maki aka jera su ba, ya ɗauki irin Henry a rukunin da ke biyan irin Kamara, to ya yi asarar maki arba'in tun ba a busa usur ba. Kuskuren kuma ba ya tsayawa a zagaye ɗaya, domin jerin gaba ɗaya a karkace yake: a zagaye na biyar zai tsallake irin Landry, a na tara ya tsallake mai gudun da ba ya fara wasa amma ana jefa masa biyar-biyar duk mako. Daga wannan lissafin ne dabarar da Shawn Siegele ya yi fice da ita a 2013 ta samu gindin zama, ta ƙin ɗaukar mai gudu ko ɗaya a zagayen farko-farko, a tara masu cafka, a tsinci masu gudu daga baya idan rauni ya buɗe musu ƙofa. A rukunin da ba ya biyan cafka, wannan dabara ta fi kusa da ganganci.

Ni dai rabin maki na fi gani da adalci. Cafka gwaninta ce, ta cancanci lada, amma daidaita ta da yadi goma zalunci ne ga mai shan duka a tsakiyar fili.

'Yan Firimiya kada su ɗauka abin bai shafe su ba. A can ma cin ɗan gaba maki huɗu ne, na ɗan tsakiya biyar, na ɗan baya shida. Mohamed Salah ya ci 32 a kakar 2017/18 ya tara maki 303. Erling Haaland ya ci 36 a 2022/23 ya tsaya a 272. A gidan kallo za ka ji wani na cewa, "Haba mutumina, ai Salah ɗan gaba ne, kowa na gani." A fili haka ne, amma a takardar wasan ɗan tsakiya aka rubuta shi, don haka 32 ɗinsa sun ba shi 160, 36 ɗin Haaland suka ba shi 144. John Lundstram na Sheffield United ma, an rubuta shi ɗan baya a 2019/20 alhali a tsakiya yake bugawa, masu ido suka kwashi garaɓasa.

Saura ƙulli ɗaya, wanda biyan cafka ba ya warwarewa. Idan aka jera dukkan 'yan wasa bisa jimlar maki, masu jifa ne ke cika saman jerin kusan kowace shekara. Amma a ranar rabo sai ka ga gogaggu suna wuce su, zagaye bayan zagaye. Lamar Jackson na Baltimore Ravens ya haura maki 400 a 2019, kuma a yawancin rukunai sai da aka yi nisa a rabo kafin a ɗauke shi.

Ɓangare ɗaya na labarinsa dokar maki ce. Jifa sai an yi yadi 25 ake samun maki ɗaya, ci ta jifa kuma huɗu ne a mafi yawan rukunai. Gudu kuwa yadi goma ne, cinsa shida. Jameis Winston ya jefa yadi 5,109 a shekarar, Jackson 3,127, ratar da ta ba Winston maki 79. Amma Jackson ya ci yadi 1,206 da ƙafarsa ya ƙara ci bakwai, maki sama da 160 ke nan. Winston kuma sau 30 abokan hamayya suka cafke jifansa, Jackson sau shida. Wasu rukunan na cire maki biyu kan kowanne, wasu ɗaya, wato hukuncin Winston kaɗai yana iya zama 60 ko 30. Wanda ya karanta wannan sashen na doka ya san mai jifa mai ƙafa ya fi mai dantse kawai.

Wannan ya nuna wane mai jifa za a ɗauka, bai nuna dalilin jinkirin ba. Amsar tana shafi na gaba na dokar, inda aka rubuta yawan gurabe. Ƙungiyoyin NFL 32 ne, kowace da mai jifa ɗaya da ke fara wasa. Rukunin mutum 12 da ke sa mai jifa ɗaya-ɗaya 12 kawai yake bukata, 20 na zube ba mai nema. Masu gudu kuwa biyu-biyu ake sawa, 24 ke nan, ga gurbin zaɓi da kan ci wasu, kuma nagartattun ba su kai haka ba. Mai jifa a irin wannan rukuni tumatir ne a lokacin kakarsa: kyansa bai ragu ba, yawansa ne ya karya farashin. Joe Bryant, ɗaya daga waɗanda suka kafa dandalin Footballguys, shi ya yaɗa wannan lissafi tun shekarun 1990: a auna ɗan wasa da ratar da ya ba mutum na ƙarshe da za a iya samu a gurbinsa. Mu ƙaddara mai jifa na farko zai kawo 380, na goma sha biyu 300. Ribar gaggawa 80 ce. Mai gudu na farko 330, na ashirin da huɗu 170, riba 160. Mai 330 ya fi mai 380 tsada ninki biyu.

Hujjar cewa gurbi ne sila tana cikin rukunan da suka buɗe ƙarin gurbi inda aka yarda a sa mai jifa na biyu. Ba a taɓa dokar maki ko ɗaya ba, amma bukata ta tashi daga 12 zuwa 24 cikin 32, ga makon hutu da kowace ƙungiya ke yi, ga rauni. A irin wannan rukuni masu jifa na fara ɓacewa tun a zagayen farko, kuma wanda ya zo da tsohuwar dabarar jira yakan ƙare da ɗan wasan da ƙungiyarsa ma ba ta tabbatar zai kai watan Nuwamba yana farawa ba.